Yadda Ake Ciko da Baƙin Mai Mai Lamba Daban Ba Tare da An Cutar da Inji Ba

Tambayar da ake yawan yi a shagon baƙin mai ita ce: "Wanda ke cikin injina 5W-30 ne, ga shi ya ja ƙasa, kai kuma 20W-50 kaɗai gare ka. In zuba?" In dai mai ya sauka ƙasa da alamar da ke jikin sandar awon mai kuma babu inda za ka samu irin naka a kusa, to zuba. Baƙin man mota na kamfanonin kirki an yi shi ne yadda zai gauraya da ɗan'uwansa. Ba ya yin guda-guda, ba ya rabewa a kwanon inji. Injin da ke tafiya da gaurayen mai zai kai ka gida, wanda kuwa ke tafiya babu mai, cikin 'yan mintoci zai iya bugawa. Sai dai cikon yana da ƙa'ida: wane mai, nawa ne adadinsa, kuma zuwa yaushe zai zauna a ciki.

Kayan da za ka tanada

Tsumma mai tsabta wanda ba ya zubar da zare. Mazurari, in babu, yanke bakin gorar ruwa, amma ka tabbata ta bushe ƙarau kuma babu ƙura a cikinta. Tocila ko fitilar waya. Litar baƙin mai wadda ba a ɓalle murfinta ba. Littafin motar in yana nan. Biro da 'yar takarda don rubuta abin da ka zuba. In kuma juye za ka yi daga baya, sai ka ƙara da sifana daidai da notin kwanon inji, sabuwar filta, sabuwar washa ta notin, kwano mai faɗi da zai ɗauki lita 5 ko 6, da jak tare da abin tokare mota mai ƙarfi.

Abin da lambobin ke nufi

Lambobi biyu ne a jikin galan, kamar 5W-30. Ta farko, mai W, tana nuna yadda man ke gudana lokacin da inji yake da sanyi. Ƙaramar lamba na nufin man zai yi saurin hawa saman inji da zarar ka tayar da safe. Ta biyu tana nuna kaurinsa idan inji ya yi zafi, kuma a digiri 100 ake auna ta. A wannan zafin, mai lamba 30 kaurinsa yana tsakanin 9.3 da 12.5 a ma'aunin sentistok, mai 40 tsakanin 12.5 da 16.3, mai 50 kuma tsakanin 16.3 da 21.9. Ka ga ke nan 50 ya kusa ninka 30 a kauri. Wanda aka rubuta wa SAE 40 kawai, babu W, shi mai lamba ɗaya ne: da zafi daidai yake da sauran 'yan 40, amma da sanyin safiya ya fi su nauyi nesa ba kusa ba.

Akwai kuma haruffan API, wato alamar ajin ingancin mai da ake rubutawa a jikin galan. Masu farawa da S na injin fetur ne, kuma harafi na biyu yana nuna zamani: SL na 2001, SM na 2004, SN na 2010, SP na 2020. Sabon harafi yana maye gurbin tsohon. Masu farawa da C, irin su CF, CH-4 da CI-4, na injin dizal ne.

Wata magana da ta yi yawa a gareji ita ce wai 5W-30 ruwa ne, an yi shi don ƙasashen ƙanƙara. Wannan kuskure ne. Ko a Sakkwato cikin Afrilu, ko a Jos cikin hunturu, inji mai lafiyar lagireto yana aiki ne a zafi kusan iri ɗaya, kuma masu ƙera shi sun auna ratar da ke tsakanin ƙarafansa da kaurin man da suka rubuta.

1. Auna man daidai kafin komai

Tsayar da mota a wuri mai daidai, ba gangare ba. Kashe inji, ka jira minti 5 zuwa 10 don man ya koma kwano. Zaro sandar awo, wadda makanikai ke kira geji, ka goge ta, ka mayar har ƙarshe, sannan ka sake zarowa ka duba. Awon farko ba abin dogaro ba ne, domin man ya fantsama a jikin sandar.

Alamomi biyu ne a sandar. A yawancin ƙananan motoci, tsakanin ta ƙasa da ta sama kusan lita 1 ne. In man yana tsakiya, ba ka cikin gaggawa. Ci gaba da tafiya har ka samu irin naka, kada ka haɗa komai. In yana kan alamar ƙasa ko ya gaza ta, ciko ya zama dole. In sandar ta fito a bushe, ko jar fitilar mai ta kama a dashbod kana cikin tafiya, kashe inji nan take. Kada ka ce bari ka lallaɓa zuwa gari na gaba.

Ka kuma dubi man da kansa. In ya yi kalar shayi da madara, ruwa ya shiga, galibi ta gaskit ɗin saman inji, kuma ciko ba zai magance wannan ba. In yana warin fetur sosai kuma ya haura alamar sama ba tare da ka ƙara ba, fetur ne ke zuba a ciki. Duka biyun aikin makanike ne.

2. Gano abin da injin ke so da abin da ke ciki

Duba murfin da ake zuba mai. Motoci da yawa, musamman waɗanda aka shigo da su daga Amurka, an rubuta lambar a kansa. In babu, littafin motar zai faɗa. Misali, Corolla ta 2003 zuwa 2008 mai inji 1.8 tana son 5W-30, Honda Accord mai inji 2.4 ta 2003 zuwa 2007 da aka yi wa kasuwar Amurka tana son 5W-20, Camry mai inji 2.5 daga 2018 kuma 0W-16.

Abin da ke ciki kuwa sai ka duba takardar juyen ƙarshe ko ka tambayi wanda ya yi maka. In sabuwar saye ce 'yar Kwatano kuma ba ka san abin da ke cikinta ba, kada ka ɓata lokaci da ciko. Yi juye gaba ɗaya da sabuwar filta, daga nan lissafinka ya fara.

3. Zaɓi man ciko bisa wannan jeri

Wanda ya fi shi ne mai lamba iri ɗaya, ko da kamfani ya bambanta. 5W-30 na Total a kan 5W-30 na Mobil babu abin damuwa.

In babu, nemi wanda lambarsa ta biyu ta yi daidai da taka, ta farko ce ta bambanta: 10W-30 a kan 5W-30, 15W-40 a kan 10W-40, 5W-20 a kan 0W-20. A yanayinmu wannan bambancin da ƙyar inji zai ji shi, saboda sanyinmu bai kai inda 5W da 10W ke rabuwa sosai ba. Littattafan Toyota ma sun yarda a sa 5W-20 in ba a samu 0W-20 ba, ko 0W-20 in ba a samu 0W-16 ba, da sharaɗin a koma na asali a juye na gaba.

In wannan ma babu, matsa mataki ɗaya a lamba ta biyu: 40 a kan 30, ko 30 a kan 20. In zaɓi ya rage tsakanin wanda ya ɗan fi naka kauri da wanda ya fi shi tsinkewa, ga mota mai lodi cikin zafin bazara ɗauki mai kaurin.

Na ƙarshe shi ne tsallake mataki biyu, kamar 20W-50 a injin da ke son 5W-30, ko SAE 40 a mai son 0W-20. Wannan na fita kunya ne kawai, kuma a nan adadi ke da muhimmanci.

A kowane hali, harafin API kada ya gaza wanda littafinka ya nema in da hali. Man dizal 15W-40 da aka rubuta wa haruffa biyu, kamar CI-4/SL, ya halatta a injin fetur, kuma shi ne sau da yawa za ka samu a tashar manyan motoci in ƙananan shaguna sun gaza.

Batun sintetik, wato man da aka sarrafa ta hanyar kimiyya, da na gargajiya, wanda aka tace daga ɗanyen mai: ana haɗa su. Wanda ake sayarwa da sunan rabin sintetik ma haɗin su biyun ne tun daga masana'anta. Asararka ɗaya ce, wato sintetik ɗin da ka saya da tsada ya rage daɗewa, domin gaurayen yana bin ƙarfin mai rauninsu.

4. Yi lissafin abin da haɗin zai zama

Ɗauki inji mai cin kusan lita 4. In lita 3 na 5W-30 ne a ciki ka ƙara lita 1 na 20W-50, kaurin gaurayen da zafi zai tsaya wajen 12, wato can ƙarshen zangon 30, dab da shiga 40. Inji mai son 30 zai ɗauki wannan. In kuwa rabi da rabi ka yi, lita 2 da lita 2, kaurin zai kai wajen 14, ka koma 40 sosai, kuma da safe man zai yi nauyin hawa fiye da yadda injin ya saba.

Saboda haka baƙon mai kada ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na abin da injin ke ci. In mataki biyu ka tsallake a sabon inji mai son 0W-20 ko 0W-16, tsaya a rabin lita, ko iya abin da zai ɗaga man ya haura alamar ƙasa. Dalili shi ne waɗannan injina suna da siraran hanyoyin mai, kuma na'urar da ke sauya lokacin buɗewar bawul, irin VVT-i na Toyota da i-VTEC na Honda, da matsin mai take aiki. Mai kauri yana sa ta jinkiri, fitilar inji ta kama, mota ta ƙara shan fetur. Tsofaffin injina irin na Peugeot 504 da 505 ba su da wannan tsarin, shi ya sa suke shanye kowane irin haɗi ba ƙorafi.

Lambar W kuwa ba a lissafa ta da raba biyu. Haɗa 5W da 20W ba zai ba ka wata lamba da za ka iya rantsuwa a kanta ba. Abin da ka sani kawai shi ne ta faɗa wani wuri a tsakaninsu.

5. Tabbatar man na gaske ne

A nan ne haɗarin ya fi yawa, fiye da batun lamba. Man awo da ake zubawa a kwalabe a bakin titi ba ka san lambarsa ba, ba ka san ko yana da sinadaran wanke inji da na hana ci ba, wani ma tsohon mai ne aka tace aka sake sayarwa. Lita guda ta kamfani mai lambar da ba taka ba ta fi lita guda ta man awo da aka ce maka "irin naka ne".

Duba zoben murfi ko a ɓalle yake. Duba takardar da ke liƙe a baki bayan an buɗe. Duba rubutu ko ya dushe, da lambar kwanan wata a jikin robar. Ɗiga kaɗan a farar takarda: sabon mai garai yake, launin zuma, babu baƙin ɗigo, babu warin ƙuna. Ya fi kyau ka saya a gidan mai ko wurin dila sananne. In ka rasa komai sai man awo kuma sandar a bushe take, zuba don ka isa gari, ka yi juye a ranar.

6. Abubuwan da ba a zubawa ko da wasa

Man giya na atomatik, wanda yawanci ja ne, ba man inji ba ne. Man giya mai lamba 80W-90 ma haka, lambarsa a wani ma'auni daban take kuma sinadaransa na haƙoran giya ne. Man birki ba ya gauraya da baƙin mai kuma yana lalata robobin inji. Man 2T an yi shi ne ya ƙone tare da fetur. Man girki kuwa yana daskarewa ya zama danƙo in ya sha zafi.

Man babur na 4T zai iya fitar da mota daga daji in babu wani. Akasin haka ne ke da matsala: man mota na zamani a babur yana iya sa kuloci ya riƙa sulɓi, domin kulocin babur a cikin mai yake wanka. Babur na son wanda aka rubuta wa JASO MA.

Motar dizal ta zamani mai matatar hayaƙi a salansa, wadda ake kira DPF, tana son mai mai ƙarancin toka, wanda lambarsa ta ACEA, wato ma'aunin ingancin mai na Turai, ke farawa da C. Man dizal na manyan motoci yana toshe wannan matatar a hankali. In dole ta sa, zuba kaɗan ka yi juye da wuri.

7. Zuba a hankali

Goge kewayen murfin kafin ka buɗe, musamman lokacin hunturu, don ƙura kada ta bi man ta shiga. Sa mazurari. Zuba kwatan lita, ka jira minti 2, ka auna. Yawancin robobin lita suna da layi a gefe da ake ganin man ta ciki, da shi za ka gane nawa ka zuba. Maimaita har man ya kai tsakanin tsakiya da alamar sama. Da baƙon mai ba sai ka cika har sama ba. Tsakiya ya wadatar, ka bar wa naka gurbi in ka same shi.

Kada ka haɗa man a wani kwano kafin zubawa, famfon inji zai gauraya su cikin minti ɗaya. In robar da aka kawo daga Amurka ce, ka lura kwat ce ba lita ba, kuma ta ɗan gaza lita, mililita 946 ce.

Kuskuren da masu koyo suka fi yi shi ne cikawa fiye da kima, da tunanin yawa ya fi. In mai ya haura alama sosai, karanshaf, wato ƙarfen da ke juyawa a ƙasan inji, yana dukansa ya yi kumfa, kumfa kuma ba ya riƙe matsi. Daga nan sai yoyo ta bakin sil, sai shuɗin hayaƙi, sai fulogi ya jiƙe. In ka zarce da ɗan kaɗan, kamar kaurin farce biyu, bar shi. In ya fi haka, zuƙe rarar da babbar sirinji da siririn tiyo ta ramin sandar awo. Sassauta notin ƙasa ma yana yi, amma da wuya ka tsayar da shi daidai, kuma in inji da zafi za ka ƙone hannu.

8. Tayar ka saurara

Rufe murfi sosai, ka mayar da sandar awo. Tayar da inji ka bar shi a silo minti 2, kada ka taka totur. Jar fitilar mai ta mutu cikin daƙiƙa biyu ko uku. In ta ƙi mutuwa, kashe. Ƙarar ƙas-ƙas daga saman inji da ta ɗauke cikin 'yan daƙiƙoƙi ba komai ba ce. Ƙara mai nauyi daga ƙasa, kamar ana buga guduma, alama ce metal, wato ƙarfen da karanshaf ke juyawa a kansa, ya riga ya ci tun lokacin da man ya yi ƙasa. Kada ka ci gaba da tafiya. Leƙa ƙarƙashin mota ko akwai ɗiga. Kashe, jira minti 5, sake aunawa.

Rubuta lambar man, adadinsa da kilomitar da mota take kai. Mutane da yawa suna mantawa, bayan wata uku sun ƙara wani na uku a kai, har a rasa sanin me ke cikin injin.

In da mai kauri ka yi ciko, ka ba inji minti ɗaya da safe kafin ka ja, kuma ka tafi a hankali kilomitocin farko.

9. Yaushe za a juye gaurayen

In lamba ɗaya ce kamfani ne daban, ko lambar W ce kawai ta bambanta, bari sai lokacin juyenka ya yi. In mataki ɗaya ka matsa kuma bai wuce lita 1 ba, haka nan, amma in sintetik ne ka sirka da na gargajiya, bi wa'adin na gargajiyan, wato kada ka wuce kilomita 5,000, ƙasa da haka ma in hanyarka mai ƙura ce ko kullum kana cikin cunkoso. Motocin Amurka da mil suke ƙirga, kuma kilomita 5,000 kusan mil 3,100 ne. Mutane na ruɗewa a nan su zarce da yawa. In mataki biyu ka tsallake a sabon inji ko mai turbo, juye da zarar ka isa inda ake samun naka.

Wajen juyen, bari inji ya yi ɗumi, ba zafi ƙwarai ba. Tokare motar da kyau, kada ka shiga ƙarƙashinta jak kaɗai ke riƙe da ita. Kwance notin kwano ka bar man ya tsiyaye minti 10 zuwa 15. Canja filta, domin tsohuwar tana riƙe da wani kaso na gaurayen. Shafa sabon mai a robar sabuwar filta, ka ɗaura da hannu: in robar ta taɓa jikin inji, ƙara kashi uku cikin huɗu na zagaye. Ka duba tsohuwar robar ba ta maƙale a jikin inji ba, don roba biyu a kan juna tana fashewa man ya zube gaba ɗaya a hanya. Sa sabuwar washa, ka ɗaure noti daidai ƙarfin hannu; kwanon alminiyam yana saurin cin zare.

Ba sai ka wanke inji da komai ba don kawai ka haɗa mai. Wanke shi da kananzir ko dizal, kamar yadda wasu ke yi, yana tsinka man da ke kare metal, yana kuma ɓamɓaro dattin da zai je ya toshe ragar famfon mai. In injin ya yi datti, yi juye biyu kusa da kusa da man kirki.

Tsohon man kuma a zuba shi a jarka a rufe. Kada ya shiga kwata ko kusa da rijiya, kuma a wanke hannu da sabulu bayan an gama.

Idan ciko ya zama na kullum

Injin da ke neman lita guda kowane kilomita 1,000 yana da ciwo: ko yoyo ta sil da gaskit, ko zoben fistin ya ci, ko robobin bawul sun bushe. Shuɗin hayaƙi da safe kawai yana nuna robobin bawul. Wanda ke fita duk lokacin da ka taka totur yana nuna zobe. Ga tsohon inji irin wannan, hawa mataki ɗaya da gangan, daga 5W-30 zuwa 10W-40 misali, yana rage shan man kuma abu ne mai ma'ana. Amma ka yi shi a juye cikakke da galan ɗaya, kada ka riƙa sirka biyu don neman lamba ta tsakiya, domin kowane kamfani ya daidaita sinadaran mansa ne su yi aiki tare da juna.

Duk lokacin da ka yi juye, sayi ƙarin lita guda ta irin man, ka ɗaure murfinta a leda, ka ajiye ta a tsaye a but tare da tsumma da mazurari. Ka auna mai kowane mako da kuma safiyar kowace doguwar tafiya, kafin ka tayar da inji.